Tsakanin kujerar ofis da turmin daka: wane motsi ya dace da mai juna biyu?

A Yola da Jimeta, mai juna biyu takan tsinci kanta tsakanin shawarwari biyu masu karo da juna. Idan ma'aikaciyar ofis ce, da zarar ciki ya fito sai maigida da abokan aiki su hana ta ko ɗaga tsinke: daga mota sai kujera, daga kujera sai gado. Idan kuwa mai noman rani ce a bakin kogin Binuwai ko tafkin Geriyo, sai uwar miji ta ce daka da ɗebo ruwa su ne ke sauƙaƙa naƙuda. Kowane ɓangare da kyakkyawar niyya yake magana, amma duk sun kauce hanya.

A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mai ciki da ba ta da wata lalura ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 sau biyar. Hakan na rage haɗarin ciwon sukarin da ciki ke haddasawa, da hawan jini, da ƙibar da ta wuce kima. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: matuƙar tana iya hira tana tafiya ba tare da haki ya sarƙe ta ba, to ba ta wuce iyaka ba. Wannan ne ya raba motsa jiki da wahala. Ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25 a kai, ko sunkuyo a gona tun safe har azahar, ba ya cikin abin da likitoci ke nufi.

Sai dai shawara irin wannan ba ta isa a ɗauke ta yadda take a sauke a Adamawa ba. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40. Jikin mai ciki kuwa yana cikin aiki tun kafin ta ɗaga ƙafa, domin jininta yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya kuma tana ƙara himma. Ƙarancin ruwa a jiki na iya jawo jiri, har ma ya tayar da ciwon mara kafin lokaci. Saboda haka lokacin tattaki a nan shi ne bayan sallar asuba ko gab da magariba, da gorar ruwa a hannu, da tufafi marasa nauyi. Wadda ba ta fita, zagaya tsakar gida ya wadatar. A guji duk abin da ke iya jawo faɗuwa, da daɗewa a kwance rigingine bayan wata uku na farko.

Akwai kuma waɗanda sai da izinin likita: mai ciwon zuciya, mai tsananin ƙarancin jini, wadda hawan jinin ciki ya kama, da wadda aka ce mabiyiya ta tare bakin mahaifa. Kowace mace kuma ta dakata ta nufi asibiti idan ta ga jini ko ruwa na zuba, ko ta ji ciwon ƙirji, ko matsanancin ciwon kai, ko motsin ɗa ya ragu.

Wani zai ce wannan zancen masu hali ne, a ƙasar da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna ita kaɗai ke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen ciki da haihuwa a duniya. Gaskiya ne tattaki ba zai maye gurbin ungozoma da ma'ajiyar jini ba. Amma hawan jinin da ke kai mace ga jijjiga yana cikin manyan masu kisan, kuma rage haɗarinsa ta wannan hanya ba ya cin ko kwabo.

A nan ne nauyi ya hau kan masu rubuta takardun manufofi a Abuja. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Bunƙasa Lafiya a Matakin Farko su sanya tambayar motsa jiki da nauyin aikin gida a katin awon ciki, yadda ake rubuta nauyi da awon jini. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da Asibitin Ƙwararru na Yola sun isa su tsara shawarar da ta dace da zafin yankin, a Hausa da Fulfulde, a kuma karanta ta a gaban mazaje da surukai, tun da su ke yanke hukunci a gida. Shugabannin ofisoshi kuma su bar mai ciki ta riƙa tashi tana taka ƙafa a tsakanin aiki ba tare da an harare ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau 8 tun 2016. Minti biyu daga kowane zuwa ya isa a gaya wa ma'aikaciyar ofis ta tashi, a gaya wa mai daka ta huta.