Launin Gawayi Ko Ruwan Makuba?

Tun da hotunan falon Turawa suka cika mana wayoyi, da wuya a gama gini a unguwa mai gida bai ce a shafa masa launin gawayi ba, wato tokar nan mai duhu da ta kusa zama baƙi. Mu dai mun ƙi. In har duhu ake so a bangon ɗaki, ruwan makuba, jan nan mai duhu, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ɗakunan da muke gani a Instagram tagoginsu daga ƙasa har rufi suke, kuma can ba a ɗauke wuta. Mu tagarmu ƙarama ce, ga ƙarfe, ga raga, ga labule mai kauri. Duk fenti mai duhu shanye haske yake yi, wannan ba gardama. Amma a kunna fitila mai caji a ɗakin gawayi a gani, sai ka ce cikin rijiya ake zaune. Ruwan makuba kuwa yana mayar da ɗan hasken da ɗumi-ɗumi, fuskar baƙo ta fito.

Sai maganar ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta barin kowa. Ƙurarta mai haske ce, a bangon gawayi kwana biyu sun isa yaro ya rubuta sunansa da yatsa. A ruwan makuba sai ta saje. Wa ke gogewa? Ba Alhajin da ya zaɓi launin ba ne, uwargida ce ko 'yar aiki.

Launin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Maginan da suna haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa, su yi yaɓe da daɓe da ita don kare gini daga ruwa. Idonmu ya saba da shi tun gidan kaka.

Ba mu ce gawayi ba shi da kyau ba. Ya dace da otal mai janareta da na'urar sanyaya ɗaki, inda taga ke rufe dare da rana. A gida kuwa, ranar da aka yi nadama, shafi ɗaya na farin fenti ba zai rufe shi ba, sai an sake zuba kuɗi.

Kafin a sayi bokiti, a shafa kamu guda na kowanne a bango, a bar shi mako ɗaya, a duba bayan magariba. Sannan a tambayi mai shara.