Sun ɗauki sunan Tenere sun liƙa wa mashin, mu kuma me muka samu?

Yau maganar mashin ce za mu yi. Manya-manyan nan nake nufi, waɗanda hotunansu suka cika mana Facebook da TikTok: Yamaha Ténéré 700, Honda Africa Twin, BMW R 1300 GS da ire-irensu, mashinan da Turawa ke kira na doguwar tafiya da ratsa daji. Samarinmu sai tura wa juna suke yi, wannan ya ce "in na samu kuɗi shi zan saya", wancan ya ce "wanda bai hau wannan ba bai hau mashin ba". Ni dai ra'ayina ɗaya ne, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba: waɗannan mashina ba don mu aka ƙera su ba, kuma sha'awarsu ta fara jawo mana asara. Amma akwai abubuwa kaɗan a jikinsu da ya kamata mu tsaya kai da fata sai an sa mana a mashinan da muke hawa kullum.

Mu fara da sunan. Tenere ai tamu ce, hamadar da ke gabas da Agadas, kuma kalmar ta Buzaye ce. A watan Disamba na 1978 wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙaddamar da tseren Paris-Dakar, tseren farko kuma ya bi ta Agadas da Yamai. Wanda ya ci a ɓangaren mashina, Cyril Neveu, kan Yamaha XT500 yake. A 1983 tseren ya ratsa Tenere, a shekarar ce kuma Yamaha ta fito da mashin mai suna Ténéré. Honda ta ci tseren shekara huɗu a jere, daga 1986 zuwa 1989, ta fito da Africa Twin a 1988. Daga baya fa? A 2008 aka soke tseren saboda tsaro, aka kai shi Kudancin Amurka a 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa. Tsere ya tafi, ƴan kallo sun tafi, sunan ƙasarmu ya zauna a jikin tanki ana sayar da shi a Turai da Japan.

Mu mutanen wannan yanki mun san hamada ta wata fuska dabam. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma da yawa daga nan yankin Kance suka tashi. Allah Ya jiƙansu. Don haka idan na ga talla ana nuna Bature yana tsalle kan tudun rairayi, ana cewa hamada wurin shaƙatawa ne, jikina yakan yi sanyi. Shi in mashin ɗinsa ya mutu akwai mota biye da shi, akwai waya mai kama tauraron ɗan adam, akwai asirans. Namu ɗan in ya maƙale tsakanin gari da gari, daga shi sai Allah.

To bari mu duba kayan kansu, don kada a ce mun yi magana da jahilci. Ténéré 700 ta fito a 2019, injinta silinda biyu ne, sisi 689, tankinta lita 16, nauyinta ya haura kilo 200 in an cika ta da mai. BMW R 1300 GS ta fito a ƙarshen 2023, ƙarfin doki 145, nauyinta kilo 237, wato ta fi buhun gero biyu na kilo ɗari-ɗari. Africa Twin tana da wani iri da ke canza giya da kansa, ba ruwanka da kulochi. Suna da allo kamar na waya, suna haɗuwa da salularka, suna da kwamfuta da ke lura in tayar baya ta fara sulɓi ta rage wuta. Wasu har na'ura gare su mai auna tazarar motar da ke gabanka, wasu hannunsu yana ɗumama don sanyi. Aiki dai an yi shi, ba mai musu.

Sai kuɗi. A Turai Ténéré 700 ta haura Yuro 10,000, R 1300 GS kuwa ta haura Yuro 20,000. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ku buga da kanku: ta farko sama da miliyan 6 da rabi, ta biyu sama da miliyan 13, tun ba a sa kuɗin jirgi da na duwan ba. Kuɗin ƙaramar a cikinsu ya sayi mashinan kabu-kabu wajen goma, wato gida goma da za su ci abinci kullum.

Amma a bar kuɗi, a ce kyauta aka ba ka. Ga tambaya huɗu da nake so kowane saurayi ya yi wa kansa.

Wa zai gyara? Boxer ko Kasea ko Haojue in ta yi tari, makanikin bakin kasuwa ya kwance karbirato ya busa, ya canza buji, ka kama hanya. Manyan nan ba karbirato gare su ba, famfon mai ne da kwamfuta. In fitila ta kunna a allo sai an jona na'ura ta musamman kafin a san ciwon. Wa ke da ita a Matameye? Ƙaramin abu ya lalace, mashin ya zauna wata da watanni a zaure yana shan ƙura, kaji na kwana a kai.

Wane mai za ta sha? Gaskiya ne muna da matatar SORAZ a arewa da Damagaram tun 2011, kuma a watan Yuli na 2024 hukuma ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499. Amma a ƙauye gidan mai nawa ne? Mafi yawanmu wajen ƴan ruwa-ruwa muke sha, a kwalba, an tace da tsumma. Ƙaramin mashin ya saba, yana haɗiyewa. Famfon babban mashin kuwa ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa ya isa ya kwantar da shi.

Wa zai ɗaga ta? Ƙaramin mashinmu nauyinsa bai wuce kilo 130 ba. In ya kwanta cikin rairayi kai kaɗai ka tayar da shi, in ƙorama ta kawo da damina samari biyu su ciccibe shi su ƙetare. Kilo 237 fa? Sai ka tara unguwa. Sirdin Ténéré kuma tsawonsa daga ƙasa ya kai santimita 87, wanda ba dogo ba sai dai ya taɓa ƙasa da ɗan yatsa.

Me za ta ɗauka? Mu mashin a wurinmu jaki ne, motar haya ce, motar likita ce. Shi ke kai damin rake da kwandon tumatir daga garka zuwa bakin gudron, shi ke kai mai naƙuda likitar Matameye da tsakar dare, shi ke kai yara lakkol. Wa ya taɓa ganin an ɗaura wa mashin miliyan 13 buhun taki da akuya?

Yanzu ga inda abin ya fi ƙona mini rai. Dillalai sun gane cewa ido ya riga ya kwaɗaitu, sun kuma san ba mai miliyan 7. Sai suka fara shigo da kwaikwayo: ƙaramin inji, an lulluɓe shi da roba mai sheƙi, an yi masa dogon baki da gilashi da akwatuna, an rubuta wani suna da ba wanda ya taɓa ji. Daga nesa ka ce na tseren Dakar ne. Kuɗinsa ya fi na mashin da muka saba, ƙarkonsa kuwa bai kai ba. Faɗuwa ɗaya robar ta tarwatse, ka je neman kayan gyara a ce maka "sai an aiko". Wanda ya sayar maka ya riga ya koma wani samfuri. Kuɗin kuma daga ina suka fito? Wani jinginar da garka ya yi, wani ɗan'uwansa ne ya aiko daga Aljeriya ko Libiya bayan shekara biyu yana cin wuya, wani shanun huɗa ya sayar. Duk don a ɗauki hoto a sa a waya. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Kai Malam, hassada ce, ka bar matasa su yi buri." Wallahi ba haka ba ne. Wanda Allah Ya hore wa, ya sauke nauyin gidansa, ya sayi abin da ransa ke so, ba ruwan kowa. Ina magana ne da wanda zai taɓa abincin iyalinsa. Wasu kuma za su ce: "To mu dawwama kan tsohon yayi ke nan?" A'a. Ci gaba muke so, amma mu ne za mu zaɓi irin wanda ya dace da hanyoyinmu, ba mai talla ba.

Ga abin da ya cancanci a kwaso daga manyan mashinan nan.

Na farko birki. ABS wata dabara ce da ke hana taya ƙamewa in ka taka birki da ƙarfi kan gudron, kamar lokacin da yaro ko tunkiya ta faɗo maka kwatsam. A Tarayyar Turai tun 2016 aka fara tilasta shi kan sabbin mashinan da suka haura sisi 125. A Indiya tun watan Afrilu na 2019 duk sabon mashin da ya haura sisi 125 sai da ABS, ƙanana kuma sai da birki mai kama gaba da baya tare. Ku lura da kyau: Bajaj mai yin Boxer da TVS duk kamfanonin Indiya ne. Sun iya, suna yi wa mutanensu. Mu kuwa mafi yawan abin da ake sauke mana tsohon birki ne. Ran ɗan Dungu bai kai na ɗan Indiya ba ne? Gaskiya ne cikin rairayi ABS ba ya taimako sosai, shi ya sa a Ténéré aka yi maɓallin kashe shi. To a kawo mana irin wannan, mu kunna a gudron mu kashe a yashi.

Na biyu fitila mai haske sosai wadda ba ta cin batir, don hanyar dare cike take da amalanke marasa fitila. Na uku babbar tayar gaba da tsawo daga ƙasa: tayar gaban Ténéré inci 21 ce, shi ya sa take hawa kan rami ba ta nutsewa, namu kuwa inci 17 ko 18 ne. Na huɗu matacin iska mai kyau, wanda za a wanke a mayar, don ƙurar hunturu ita ke cinye injinanmu. Na biyar wurin cajin waya, wanda wasu ƙananan sun riga sun fara zuwa da shi. Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar miliyan.

Akwai kuma abu ɗaya da ke cikin kowane hoton da muke turawa amma ba mai kallonsa: hular kwano. Ba za ka taɓa ganin mai Africa Twin da kai tsirara ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce hular kwano mai kyau tana rage haɗarin raunin kai da wajen kashi 70 cikin 100. Mu kuwa muna son mashin ɗinsa, muna ƙin hularsa, wai zafi. Zafin hula da kwanciya a babbar likitar Damagaram, wanne ya fi?

Kira na ga ƴan kasuwa masu shigo da mashina: kada ku kawo samfurin da ba ku kawo kayan gyaransa ba, wannan cin amana ne. Ga shugabannin ƴan kabu-kabu: ku ne manyan masu saye, in kuka haɗa baki kuka ce ba ku son iri kaza, gobe ba za a sake sauke shi ba. Ga hukuma: a duba ingancin birki da na hula tun daga bakin iyaka, a kuma koya wa yaranmu na cibiyoyin koyon sana'a gyaran injin zamani, don ko muna so ko ba mu so yana tafe. Ga mu duka: mu yi wa mashinanmu takardu. Ƴan'uwanmu na Diffa an hana su hawan mashin a 2015, na wasu sassan Tillaberi a 2020, saboda tsaro, kuma sun ga yadda kasuwa da zuwa likita suka koma wahala. Abin da muke da shi a nan ni'ima ne, kada mu yi wasa da shi.

Kai kuma ƙanena mai shirin saye bayan kaka, kafin ka ƙirga kuɗi ka ɗauki makanikin da ka yarda da shi ku je tare. Ka tambaye shi ko akwai bujinsa da sarƙarsa da takalmin birkinsa a Matameye yau ɗin nan. In ya girgiza kai, mayar da kuɗinka aljihu ka dawo gida.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa mu dace. Wanda yake da ja, fili nasa ne, ina sauraro.