Filin 'Yan Mata: Gilashin Kyamara Don Hoton Tsuntsaye

 Wasiƙar wannan karo daga wata ƙanwarmu ce 'yar aji biyar. Yayanta ya bar mata kyamara, ita kuma ta kwashi adashi tana son sayen gilashin da ke zuƙo abu daga nesa, don wai duk shamuwar da ta ɗauka sai ta fito kamar ƙuda a kan tsamiya.

To ƙanwata, tsuntsu ba amarya ba ne da zai tsaya ki gyara masa zama. Kina matsowa ya tashi. Shi ya sa abin da za ki fara dubawa shi ne lambar da ke jikin gilashin. Wanda ya zo da kyamarar, galibi 18-55mm ne, na hoton biki ne kawai. Tsuntsu sai 250mm ko 300mm zuwa sama.

Idan Canon ce a hannunki, nemi EF-S 55-250mm IS STM, wanda ya fito a 2013. Ba shi da nauyi, hotonsa tas, kuma a ƙananan kyamarorin Canon 250mm ɗin nan yana kawo abu kusa kamar 400mm. Mai shago zai iya miƙo miki 75-300mm III ya ce ai ya fi tsawo kuma ya fi araha. Gaskiya ya faɗa, amma ni dai ban ba ki shawara ba. Ba shi da abin nan da ke hana rawar hannu ɓata hoto, wanda Canon ke rubuta IS, Nikon kuma VR, sannan in kin zuƙo har ƙarshe hoton yakan yi dishi-dishi. Wallahi baƙin ciki ne ki yi awa guda a rana kina fakon balbela, ki dawo gida ba ko gashinta ɗaya da ya fito sosai.

Mai Nikon kuwa, akwai AF-P DX 70-300mm na 2016, amma iri biyu ne, mai VR da mara shi, sai ki karanta da kyau. Kuma ba ya aiki da tsofaffi irin su D3100 da D5100. Ki tafi kasuwa da kyamararki a jaka, a ɗaura a gabanki.

Manyan nan na Sigma da Tamron masu 150-600mm su ne na masu zuwa Dagona, a fadamar Haɗeja da Nguru, ɗaukar tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai. Sai dai kowannensu ya kai kusan kilo 2, kuɗinsu kuma ba na adashin 'yan makaranta ba ne.

Na hannu ba laifi, in kin iya dubawa. Cire murfi gaba da baya, ki haska tocila ta ciki. Ɗan ƙurar hunturu ba komai ba ne, amma in kin ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce, ajiye masa kayansa. Murza shi ki ji ko yana cijewa, ki ɗauki kurciya ko tattabarar da ke kan rufin shago, ki faɗaɗa hoton ki duba idonta. In idon ya fito tar, sai a fara ciniki. Kuma ki je da yayanki ko Baba, don in sun ga yarinya ita kaɗai sai su tsuga kuɗi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.