Daura ta samu asibitoci, saura amanar bayanan marasa lafiya

Yau ba rabon kujeru za mu tattauna ba, maganar katin asibiti ce.

Marigayi Baba Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya bar wa Daura gine-gine. Ga asibitin sojojin sama da ya buɗe a watan Agustan 2019, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Mutane na zuwa daga Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, har da 'yan uwanmu na Nijar da ke shigowa ta Kongolam. Kowa da tarihin cutarsa: sikila, hawan jini, ciwon ƙoda, zazzaɓin cizon sauro. Wannan tarihi shi masu bincike ke buƙata kafin su gano abin da ke kashe mu da maganin da ya dace da jininmu. To amma wa zai yarda ya miƙa sirrinsa?

Mutanenmu ba su ƙi don jahilci ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin binciken da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009, kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A nan fasahar bulokcen ta shigo. Na san wasu za su ce, "Ai kirifto ne, an sake zuwa da damfara." A'a, ba ciniki ba ne. Rajista ce da ake ajiye kwafinta a wurare da yawa lokaci guda, kowane shafi a ɗaure da na bayansa, ta yadda in wani ya goge layi ɗaya sauran kwafin za su tona shi. Fayil ɗin marar lafiya yana nan a asibiti. Abin da rajistar ke rubutawa shi ne wa ya buɗe, yaushe, da izinin wa. Mai bincike ya karɓi bayanan da aka cire wa suna, mai cutar kuma in ya janye yardarsa, a rubuce take. Ƙasar Estoniya ta daɗe tana tsare bayanan lafiyar mutanenta da irin wannan.

Kuma ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Majalisar zartarwa ta Buhari ce ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen a watan Mayun 2023, zamanin minista Pantami. Wata ɗaya bayan haka Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Takarda ta kammala, aiki ya rage.

Gaskiya ɗaya dai: bulokcen ba ya aiki a kan kwali. Sai an kwashe katunan zuwa kwamfuta, an sa sola, an horar da ma'aikatan rajista, an yi wa tsohuwa bayanin yarda da Hausa, ba a ce ta dangwala kawai ba.

Don haka muna kira ga Gwamna Dikko Radda da wakilanmu na Abuja su nemi a fara gwajin a masarautar Daura. Ƙananan hukumomi biyar ne, ba su fi ƙarfin kulawa ba. Masu neman ƙuri'armu a 2027 kuwa, duk wanda ya zo da hoton Baba a hula, ku tambaye shi me ya tanadar wa asibitocin da Baba ya bari.

Ku tura wa wakilin mazaɓarku.