Kasko Ya Ɗumama Ɗaki, Amma Kada Ya Kwana a Ciki

Idan watan Disamba ya kama, iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta ƙetaro tafkin Chadi, ta zo ta sauke hazonta a kan Yerwa, garin nan da ya saba kukan zafi a watannin Afirilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan haura digiri 40, sai ya koma neman bargo da rigar sanyi, domin da asuba ɗari kan sauko zuwa digiri 12 ko 13, wani dare ma ƙasa da haka. A Shehuri, unguwar da ta kewaye fadar Shehun Borno tun bayan da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa a 1907, magabata sun fi mu samun sauƙin wannan lokaci, saboda katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana da yini, ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Amma yau da yake yawancin ɗakuna sun koma bulon siminti da rufin kwano, wanda yake ɗaukar zafi nan da nan ya kuma sake shi nan da nan, wajibi ne maigida ya nemo ɗumi daga wani wuri, ko daga gawayi ko daga lantarki.

Mutanen ƙasashen ƙanƙara sun daɗe da warware tasu matsalar, tun tsakiyar ƙarni na 19 da wani mai suna Franz San Galli ya shahara a birnin San Fitasbag na Rasha da ƙera ƙarfen ɗumama ɗaki. Ana tafasa ruwa a tukunya guda a wani sashe na gida, bututu ya kai shi cikin ƙarafan da aka kafa a jikin bangon kowane ɗaki, galibi ƙarƙashin taga, don iskar da ta ɗumama ta tari sanyin da ke gangarowa daga gilashi. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce wutar da kanta ba ta shiga ɗakin barci, zafinta kaɗai ake aikawa. Mu kuwa wutar muke ɗaukowa da hannu mu ajiye kusa da shimfiɗa, mu ja ƙofa mu rufe, kuma daga nan ne dukan illar take tasowa.

Ban goyi bayan masu cewa a yi watsi da kasko ɗungurungum ba, domin magana ce ta wanda bai san halin talaka ba. Yerwa, garin da aka yanke daga wutar ƙasa a farkon 2021, bayan da aka rushe turakun layin da ke zuwa daga Damaturu, ya kwashe watanni masu yawa cikin duhu, daga baya kuma aka gina masa tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, aka buɗe ta a 2023, ba za a ce wa mutanensa su jingina lafiyar tsofaffinsu da jariransu ga soket kaɗai ba. Bugu da ƙari, kasko ba baƙo ba ne a ɗakin macen Borno, wadda turaren wutarta ya yi suna har Kano da Sakkwato. Abin da nake kira gare shi guda ɗaya ne, shi ne kasko ya yi aikinsa tun mutane na farke, sa'an nan a fitar da shi tsakar gida kafin kowa ya kwanta.

Dalilin haka kuwa, gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadace shi ba, yakan fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta farkar da mai barci. Idan ta shiga huhu sai ta kama jini, kamun da ya fi na iskar da muke rayuwa da ita ƙarfi sau fiye da 200, ta yadda jinin zai ci gaba da zagayawa alhali ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamominta na farko su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala mai nauyi, waɗanda mutum kan ɗauka zazzaɓi ne ko gajiyar yini, ya ƙara jan bargo. Mafi hatsari kuma shi ne garwashin da toka ta lulluɓe. Yarinya za ta ce, "Kaka, in fitar da kaskon?" tsohuwa ta leƙa, ta ga ba ja ba hayaƙi, ta ce, "Bar shi, 'yar nan, ai ya mutu." Alhali da za a tona tokar da tsinke, da an ga jan garwashi a ƙasa yana ci a hankali, kuma irin wannan ci na ɓoye shi ne ke cika rufaffen ɗaki da guba kafin kiran sallar asuba. Duk wanda ya tarar da mutanen ɗaki guda sun tashi da ciwon kai tare, ko an kasa tashin wani, to ya buɗe ƙofa da taga, ya fito da su fili, ya garzaya da su asibiti ba tare da jinkiri ba.

Shari'a ma ta riga likita magana a kan wannan babi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya yi umarni da a riƙa kashe wuta idan za a yi barci. Malaman usulu kuwa sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Ina ganin da limaman Shehuri za su keɓe huɗuba guda a farkon hunturu don wannan hadisi, lawanai da bulamai su maimaita shi a ƙofar gidajensu, da an tsirar da rayukan da ba wanda zai san adadinsu sai Allah.

Ba kowane ɗaki ne ke son ɗumi iri ɗaya ba. Zaure, inda ƙofa take buɗe kuma manya ne ke zaune suna hira ko muraja'a, shi ne asalin mazaunin kasko, kamar yadda wutar karatun almajirai a tsangaya, da yake a fili ake hura ta, ba a jin ta shaƙe kowa. Ɗakin tsoho ya fi bukatar kulawa, domin jikinsa ba ya riƙe zafi, idonsa bai cika ganin abin da ke gabansa ba idan ya tashi alwala cikin dare, kuma gefen babbar riga ko mayafi ba ya jin kashedi. A ɗumama masa ɗakin tsakanin magariba da lisha, a fitar da wuta, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma bayan an fitar, a ba shi safa da hula da bargo biyu. Ɗakin mai jego shi ne inda al'ada ta fi tsananta zafi, kuma a nan ne nake roƙon iyayenmu mata su sassauta, domin likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan gasa jiki a kan gadon ƙasa mai wuta, tare da wankan tafasasshen ruwa da kunun kanwa, yana da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa; jariri kuma, da yake numfashinsa ya fi na babba sauri, shi guba ke fara kamawa.

Game da wurin ajiyewa, kasko ba ya zama a kan ledar ɗaki ko darduma, sai a kan bulo ko faranti mai yashi, nesa da katifar soso da labule da gidan sauro da aƙalla taku guda na babban mutum, kuma ba a bakin ƙofa ba inda mai shigowa zai yi tuntuɓe da shi. A hura gawayin a tsakar gida, a bari hayaƙinsa ya ƙare ya zama garwashi tukuna a shigo da shi, taga kuwa a bar ta a ɗan buɗe muddin yana ciki. A gidan da ke da mai rarrafe, ya kamata a kai kaskon wurin mai walda ya yi masa murfin raga mai ƙafafu, wanda zai tsare hannun yaro bai hana iska shiga ba. Kifa masa kwano ko faifai ba ya kashe shi, sai dai ya ƙara masa guba.

Wanda Allah ya hore wa hitar lantarki, ya sani cewa ta kuɓutar da shi daga guba, amma ba ta kuɓutar da shi daga gobara ba. Mai jan ƙarfe a fili tana da arha, tana kuma ɗumama wanda ke gabanta nan take, sai dai ba ta dace da ɗakin yara ba. Mai mai a cikinta, wadda ta yi kama da ƙarfen Turawan nan, tana jinkirin ɗaukar zafi, amma ta fi aminci ga ɗakin barci. Ko wacce ce, ba a shanya mata ɗan kamfai ko zanen goyo, ba a tura ta bayan labule don a ɓoye muninta, domin zafin da aka hana fita yana komawa kan abin da ya rufe shi. Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, nauyin da siririyar wayar jone-jone ta kasuwa ba ta iya ɗauka, saboda haka a soket na bango ake sa ta, ita kaɗai. Tun da kuma ruwan madatsar Alau ya shiga gidajen Shehuri a ranar 10 ga Satumba, 2024, har bai bar fadar Shehu ba, duk gidan da soket ɗinsa ya nutse a wancan lokaci, ba a kuwa canza shi ba, lalle a kira mai gyaran wuta ya buɗe ya duba tsatsa da laka kafin a ɗora masa irin wannan nauyi.