Ra'ayinmu: OTAN ta sake manufa, mu ma mun ji a jikinmu

'Ƴan kasuwa, maza da mata, wani zai ce mi ya haɗa mai sayar da albasa a Galmi da ƙungiyar tsaro ta OTAN da ke can Turai? To, akwai abin da ya haɗa su.

Ƙasashe 12 ne suka kafa OTAN a birnin Washinton a 1949, don tare Tarayyar Sobiyet. Ƙa'idarta ita ce, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje, ƙawancen Warso da ke gaba da OTAN shi ma ya watse. Kun san mai gadin da aka ɗauka saboda ɓarawo guda: in ɓarawon ya mutu, ko a sallame shi, ko a nemo masa wani aiki. OTAN ba ta rufe shago ba, sai ta shiga neman aiki nesa da gida.

A 1999 ta yi wa Yugoslabiya ruwan bama-bamai kan rikicin Kosobo. A 2003 ta karɓi jagorancin sojojin ƙasa da ƙasa a Afganistan, ba ta fita ba sai 2021, Taliban kuwa ta koma kan mulki. A 2010, a taron Lisbon, ta ce tana son hulɗa da Rasha. Amma bayan Rasha ta afka wa Yukren a 2022, taron Madrid ya ayyana ta a matsayin babbar barazana. Finlan ta shiga a 2023, Suwidin a 2024, membobi suka kai 32.

Inda abin ya iso ƙofarmu shi ne Libiya. A watan Maris na 2011, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da izinin kare farar hula, jiragen OTAN suka yi wata bakwai suna luguden wuta, aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. Shawarar sulhu da Tarayyar Afirka ta kawo ba ta samu shiga ba. Sakamakon ba ya ɓoyuwa: dubun dubatar 'ƴan cin-rani daga Tawa da Damagaram suka dawo hannu rabbana, kuɗin da suke aiko wa iyalai ya tsaya, ciniki ya ja baya. Makaman Libiya suka bazu cikin hamada, arewacin Mali ya faɗa hannun 'ƴan tawaye da 'ƴan ta'adda a 2012. Hanya ta yi haɗari, kuma in hanya ta yi haɗari kuɗin mota sai ya hau, farashin kaya ya bi shi.

Ba mu ce OTAN kaɗai ke da laifi ba. Abin da muke cewa shi ne, an yanke shawara a Turai, mu muka biya, ba a tambaye mu ba.

A 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa nasu ƙawancen tsaro na AES. Kiranmu ga magabata shi ne su riƙa bayyana wa talakawa manufarsa dalla-dalla, in kuma za a sake ta, a sake a fili. Awonmu guda ne: ɗan kasuwa ya tashi daga Maraɗi da kayansa, ya isa Yamai ko Agadas lafiya, ya komo lafiya.

Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.