Supra Ta Dawo, Masoyanta Sun Ce Ba Ita Ba Ce

Maƙalar wannan makon gareji za ta kai mu, kuma motar da za mu yi magana a kanta yawancinmu ba mu taɓa ganin ta ido da ido ba. A fim muka san ta, sai kuma a gidan gem. Duk wanda ya kalli The Fast and the Furious na farko, wanda ya fito a 2001, zai tuna wata mota ruwan lemo da Paul Walker ya tuƙa. Sunanta Toyota Supra. Tun daga lokacin ta samu wurin zama a zukatan samari a duniya, har da irinmu da ko kuɗin tayarta ɗaya ba mu da shi.

Supra ɗin da ake nufi ita ce ƙira ta 4, wadda aka fara fitarwa a 1993. Injinta ne ya ɗaukaka ta, wanda ake kira 2JZ: silinda 6 a jere, lita 3, turbo 2, kuma gangar injin ta baƙin ƙarfe ce mai kauri. A Japan an rubuta ƙarfinta doki 276, domin kamfanonin motocin ƙasar sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata abin da ya wuce haka. Wadda aka kai Amurka kuwa doki 320 ce. Daga baya makanikai suka gano cewa injin nan jarumi ne. Idan aka sauya masa turbo, aka ƙara masa hanyar shan mai, yana ninka ƙarfinsa ba tare da ya fashe ba, har akwai waɗanda suka kai shi doki 1,000. Ga kuma giyar hannu mai 6 ga wanda yake son ya ji motar a tafin hannunsa.

To, ga abin da masoya ba su cika son a tuna musu ba: lokacin da motar take sabuwa a kasuwa, ba a saye ta ba. Darajar kuɗin Japan ta hau a tsakiyar shekarun 1990, farashin motar ya yi tsada a waje, mutane kuma suka karkata ga manyan jif-jif. A 1998 Toyota ta janye ta daga Amurka. A 2002 ta daina ƙera ta gaba ɗaya, saboda sababbin dokokin hayaƙi. Ku lura da lissafin: fim ɗin da ya sa duniya ta haukace a kanta ya fito ne shekara 3 bayan ta bar kasuwar Amurka. Soyayyar ta zo ne ana shirin jana'iza. A 2021 an yi gwanjon ɗaya daga cikin motocin da aka yi fim ɗin da su a kan dala 550,000, alhali tana sabuwa a shago aka rasa masu ɗauka.

Shekara 17 masoya suna kiran a dawo da ita. A 2014 Toyota ta nuna samfurin wata mota mai suna FT-1 a bajekolin motoci na Detroit, rai ya ƙara biyawa. A watan Janairun 2019, a wannan bajekolin dai, aka yaye mayafin sabuwar GR Supra. Ta farko da ta fito daga masana'anta an yi gwanjonta a kan dala miliyan 2.1, aka ba da kuɗin sadaka. Murna ba ta daɗe ba. Da aka ɗaga bonet, sai ga injin BMW. Ba a Japan aka haɗa ta ba, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya ne, a masana'antar Magna Steyr, inda aka haɗa BMW Z4. Maɓallan cikinta na BMW ne. Kujeru 2 gare ta, tsohuwar kuwa tana da ƙananan kujeru a baya. Mafi ciwo, babu giyar hannu ko kaɗan, otomatik ce mai 8. Masu ba'a suka raɗa mata suna Zupra, wato Z4 ce ta ari riga.

Mu a ganinmu, rabin wannan fushin ba shi da adalci. Babban injiniyan aikin, Tetsuya Tada, ya yi bayani a fili cewa Toyota ta riga ta daina ƙera inji mai silinda 6 a jere, kuma farfaɗo da shi yana buƙatar sabuwar masana'anta da shekaru na aiki. Wa zai gina masana'anta sukutum saboda motar da tarihi ya nuna 'yan kaɗan ne ke cire kuɗi su saya? Zaɓin da ke gaban kamfanin biyu ne, ko a yi ta da haɗin gwiwa, ko kada a yi ta sam. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya kuwa, da yawansu jira suke wani ya saya, ya gaji, su karɓa a hannu na biyu. Mu da muka saba da motocin Kwatano mun fi kowa sanin wannan dabara, kuma mun san ko sisi ba ya shiga aljihun kamfani idan mota ta sauya hannu karo na uku.

Akwai kuma wani abu da muke zargi. Motar da ake kewa ba ta taɓa fitowa daga masana'antar Toyota ba. Supra mai doki 1,000 aikin makanikai ce, Supra mai tashi sama a kan titi aikin masu fim ce. An haɗa waɗannan da ƙuruciyar mai kallo, aka gina wata mota a cikin kai wadda babu injiniyan da zai iya ƙera ta. Kowa ya tuna bara, in ji Hausawa, bai ji daɗin bana ba, amma a nan har barar ma an ƙara mata gishiri. Injin BMW da aka raina, mai suna B58, shi ma silinda 6 ne a jere, lita 3, da turbo. Ya fara da doki 335, aka ɗaga shi zuwa 382 ba da daɗewa ba, kuma makanikan nan dai sun same shi mai karɓar ƙari. Motar tana tura kanta da tayoyin baya kamar tsohuwar. A wajen aiki, jinin gidan bai ɓace ba.

Ɗaya rabin fushin kuwa muna tare da shi ɗari bisa ɗari. Suna amana ne. Idan kamfani ya ɗauko sunan da mutane suka raya da ƙaunarsu shekara da shekaru bayan shi ya yi watsi da shi, to ya ci bashi, dole ya biya. Fitar da Supra babu giyar hannu kuskure ne, domin mai sayen irin wannan mota ba sauƙin zuwa ofis yake nema ba, so yake ƙafarsa ta taka kuloci, hannunsa ya zaɓi giya. Masoya suka nace a kan wannan buƙata guda, wadda take a fili kuma mai yiwuwa, sai ga shi a 2022 Toyota ta sanar da Supra mai giyar hannu 6. Duk ihun “ba ta Japan ba ce” bai sauya ko ƙusa ɗaya ba, amma wannan ya yi aiki.

Don a ga yadda cin amanar suna yake da gaske, a dubi Mitsubishi. A farkon wancan fim ɗin, kafin Supra, wata koriyar Eclipse Paul Walker yake tuƙawa, motar tsere mai ƙofa 2. A 2017 kamfanin ya dawo da sunan, ya manna shi a kan wata jif ta kai yara makaranta, ya kira ta Eclipse Cross. Wannan kam mun yarda a yi masa tsiya. Honda kuma ta faɗa ɗaya ramin. Tsohuwar NSX ta 1990, wadda gwarzon tsere Ayrton Senna ya taimaka wajen gwada ta, an so ta ne don rashin nauyi da sauƙin sarrafawa. Sabuwar ta 2016 ta zo da fasaha iya fasaha, inji haɗe da motocin lantarki 3, ga tsada. Aka yaba mata a baki, aka ƙi saye, a 2022 aka rufe babinta.

Yanzu ido ya koma kan Mazda. Ita ma RX-7 a 2002 aka daina ƙera ta, kuma injinta mai juyawa, wanda ba shi da fistin irin na sauran motoci, shi ne abin alfaharin masoyanta. A watan Oktoban 2023 kamfanin ya nuna samfurin Iconic SP a Tokiyo, ja wur, mai fitilu masu ɗagowa irin na da. Sai dai kamar yadda aka gabatar da ita, aikin injin mai juyawa shi ne samar da lantarki. Tuni aka fara gunaguni, tun kafin a ga ko taya ɗaya a kan titi.

Da za su ji shawararmu, da sun tsaya a kan abu 3 da Mazda za ta iya amsawa da e ko a'a. Shin injin zai juya tayoyin baya da kansa? Nawa ne nauyin motar? Nawa ne kuɗinta? Ta ukun ce muka fi so a matsa a kanta, domin tsohuwar zuma da ita ake magani, amma sai an iya sayen ta, kuma tsada ce ta kori RX-7 daga Amurka tun 1995, shekara 3 kafin Supra ta bi bayanta.